Kurakuran da sabbin masu wa'azi ke tafkawa a kan ƙarshen zamani

Makon jiya wani saurayi da muka ɗora a kan darasin matasa ya same ni bayan sujada da takarda guda, gaba da baya duk lissafi. Ya ce, "Baba, na gano shekarar." Ban tambaye shi wace shekara ba, don na san irin takardar. Ni ma na taɓa rubuta irinta, kuma tawa ta ci shanun wani. Shekara da shekaru ke nan ina ganin kowane sabon mai wa'azi yana faɗawa ramukan nan ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce gado aka bar mana. Na gaji da maimaita magana a ƙofar majami'a, shi ya sa na zauna na rubuta.

Babban ramin shi ne sa rana. A 1999 ina matashi, an tura ni wa'azi wani ƙauye da ba shi da fasto. Na haɗa 2 Bitrus 3:8, inda aka ce a wurin Ubangiji kwana ɗaya kamar shekara dubu ne, da kwana shida na halitta. Na ɗauko lissafin wani bishop na Ayalan mai suna Usher, wanda ya ce an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu. Dubu huɗu da dubu biyu, dubu shida cif. Ga kuma rediyo kullum ana maganar kwamfutocin duniya za su rikice daren shiga 2000. Ban tsaya na lura cewa ko da lissafin Usher ɗin ne, shekara dubu shida ta riga ta cika tun wajen 1997 ba. Wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya duba ragowar lissafi.

Ban taɓa cewa kowa ya sayar da kayansa ba, kuma da wannan na daɗe ina wanke kaina. Amma Lahadi bayan Lahadi ina tsaye a gaba ina cewa wannan kaka ce ta ƙarshe. Wani dattijon ikilisiya, mutum mai tsoron Allah wanda bai iya karatu ba, ya ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Bayan girbi ya kai bijimansa biyu na huɗa kasuwa, ya biya basussukansa, sauran ya raba wa gwauraye. Daren 31 ga Disamba muka cika majami'a da fitilun ƙwai, ana waƙa ana kuka. Sha biyu ta buga. Ɗaya ta buga. Yara suka yi barci a kan tabarma. Da zakara ya yi cara mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, ba mai kallon idona. Dattijon nan shi ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara bargonsa, ya ce, "Malam, to da me zan yi huɗa bana?" Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Damina biyu na yi ina zuwa gonarsa da garma a kafaɗa, duk da haka ban biya rabin abin da ya rasa ba.

Abin haushin shi ne ayar da za ta hana ni tana nan a fili. Matiyu 24:36 ta ce ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uba kaɗai. A Ayyukan Manzanni 1:7 almajirai sun tambayi lokaci, Yesu ya ce musu ba nasu ba ne su sani. Na san ayoyin nan da ka. Dabarar da na yi ita ce wadda duk masu lissafi ke yi: wai an hana sanin rana da sa'a ne, ba a hana sanin shekara ba. Haba! Wannan wayon ɗan yaro ne da aka hana shi taɓa tukunya ya ce ai murfin ya taɓa.

Kuma ba ni na fara ba. William Miller, wani manomi ɗan Baftis a Amurka, ya ɗauki 2,300 da ke Daniyel 8:14 ya mai da kowane yini shekara, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Dubban mutane suka jira, gari ya waye. A Koriya ta Kudu wata ƙungiya ta sa 28 ga Oktoba 1992, mutane suka bar aiki suka sayar da gidaje, shugaban ya ƙare a kurkuku saboda damfara. Harold Camping, mai gidan rediyo a Kalifoniya, ya ce 1994, bai yiwu ba, ya dawo ya ce 21 ga Mayu 2011, ya sake matsawa zuwa Oktoba. Mafi muni shi ne Kanungu a Yuganda, inda ƙarshen duniyar da aka yi wa mutane alkawari bai zo ba, ranar 17 ga Maris 2000 ɗaruruwa suka ƙone a cikin ɗakin sujada da aka kulle. Ko wata uku ba a cika ba tsakanin daren nan nawa da Kanungu, kuma da sa rana irin tawa aka fara.

Maganin da nake yi, ban ce kowa ya yarda da shi ba. Ina da wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango. Duk wanda ya kawo mini rana, ko annabin WhatsApp ne, sai in rubuta sunansa da ranar. In ta wuce, Lahadi mai zuwa in karanta a gaban aji, in bi da Maimaitawar Shari'a 18:22, wadda ta ce in annabi ya faɗi abu da sunan Ubangiji bai cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Wasu fastoci sun ce mini wannan tozartawa ce. Shafin farko na littafin sunana ne a kai, da 31 ga Disamba 1999, kuma da shi nake fara karantawa.

Rami na biyu shi ne 666, lambar dabbar da ke littafin Wahayi, kuma da kunya nake cewa shi ma na leƙa cikinsa bayan na girma. Lokacin da Babban Banki ya fito da BVN a 2014, aka ce sai an ɗauki hoton yatsu da fuska, saƙonni suka cika waya wai alamar dabbar nan ce ta Wahayi 13. Wata gwauruwa a zumuntar mata, mijinta malamin firamare ne ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta tambaye ni, "Malam, in yi ko kada in yi?" Maimakon in ba ta amsa sai na yi irin ta malaman da ke tsoron a kama su, na ce a dai yi hattara, zamani ya ƙare. Ita kuwa ta ji "kada ki yi". Wa'adi ya cika a ƙarshen Oktoba 2015, asusunta ya tsaya, ɗan kuɗin da ƙanin mijinta ke turo mata daga Legas ya maƙale, babbar 'yarta ta rasa zangon karatu guda. Ni kuwa na riga na je na yi nawa a ɓoye tun watan Yuni. A nan ne na gane ashe gargaɗin da ba a fayyace ba ya fi ƙarya kai tsaye cutarwa, don mai shi yana da ƙofar gudu.

Ku buɗe surar ku karanta, don Allah, kafin ku hau mumbari. Alamar tana tafe ne da sujada: wanda ya karɓe ta ya yi wa dabbar sujada, ya juya wa Ɗan Ragon, wato Yesu, baya da saninsa. Ba abin da ake manna wa mutum a layin banki ba ne yana hamma. Masu karatun farko sun san zafin wannan, don a garuruwansu akwai haikalin Kaisar, kuma daga baya, a shekara ta 250, sarki Desiyus ya sa kowa ya miƙa hadaya ya karɓi takardar shaida. Lambar kuma, mu Hausawa bai kamata ta ba mu wuya ba. Mun san abajada, mun san yadda mawaƙan ajami ke rufe waƙa da ramzi, kalma guda ta ba ka shekara. Ibrananci da Helenanci ma haka suke, kowane harafi yana da lamba. In ka rubuta "Neron Kaisar", wato Nero sarkin Roma, da haruffan Ibrananci ka tara, 666 za ka samu. In ka cire nun ta ƙarshen sunan, mai lamba 50, ya zama 616, kuma akwai tsofaffin kofe na Wahayi da ke ɗauke da 616 ɗin. Ireniyus, wani bishop na dā, ma ya san da wannan karatun tun ƙarni na biyu, ko da yake bai yarda da shi ba. Ban ce Nero ya ƙare maganar ba. Amma wanda ya san wannan ba zai riƙa tara haruffan sunan kowane shugaban ƙasa da bai so ba.

Tun ina yaro an ce layukan nan baƙaƙe na jikin kwalin kaya ne alamar. Aka dawo aka ce katin ATM, sai BVN, sai NIN, sai 5G a 2020, sai allurar korona. Mutum ɗaya ne zai yi wa'azin duka shida, kuma duka suna aljihunsa ko a dantsensa, bai taɓa tsayawa a gaban jama'a ya ce na yi kuskure ba. Ku ji tsoron Allah! Kai mai albashi kana da hanyar gyara naka, tsohuwar da ta gaskata ka ita ce ke kwana da yunwa. Yanzu duk wanda ya tambaye ni irin wannan, amsa ɗaya nake bayarwa a fili, "Je ki yi, ni ma na yi," kuma in fito da nawa in nuna.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata darasi. Kalmar "magabcin Almasihu" ba ta cikin Wahayi ko sau ɗaya, a wasiƙun Yohanna na fari da na biyu take, kuma can an ce suna da yawa tun a lokacin. Kada kuma ka ɗebo labarin Dujal da ka ji wurin maƙwabtanmu Musulmi ka zuba a ciki, kowanne da littafinsa da bayaninsa. Armagedon, inda za a tara sarakuna don yaƙin ƙarshe, sau ɗaya tak aka ambata, a 16:16. Masu tsorata mutane da cewa 144,000 na Wahayi 7 ne kaɗai za su tsira su ƙara karanta aya kaɗan, 7:9 ta nuna taro mai yawa da ba mai iya ƙirgawa, daga kowace kabila da harshe. Husufi kuwa ba alamar ƙarshe ba ne: wanda aka yi ranar 29 ga Maris 2006 da rana ta yi duhu a Gusau da Katsina da Maraɗi, masana taurari sun sanar da ranarsa da mintinsa shekaru kafin ya zo.

Akwai kuma tsallake surori uku na farko don a yi saurin kaiwa ga dawakai da ƙahoni. Wahayi, ko Ru'ya ta Yohanna kamar yadda tsofaffinmu suka saba faɗa, wasiƙa ce daga tsibirin Batmusa zuwa ikilisiyoyi bakwai na gaske a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Lawudikiya gari ne na masu kuɗi, da girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 suka sake gina shi ba tare da taimakon Roma ba. Su ne aka ce musu matalauta, makafi, tsirara. In ka san wannan, wa'azin ya riga ya rubuta kansa. Haka Matiyu 24: tambayar ta taso ne daga duwatsun Haikali, kuma sojojin Roma ƙarƙashin Titus sun rushe shi a shekara ta 70. Wanda bai san wannan shekarar ba zai ɗora kowace aya a kan labaran yammacin jiya.

Na ƙarshe da zan taɓa zai ɓata wa wasu abokaina rai. Ni a koyarwar fyaucewa, wato ɗauke masu bi zuwa sama, kafin babban tsanani na tashi, da zanen nan mai kibiyoyi da ake mannawa a bango, kuma har yau zuciyata ta fi karkata can. Amma tsarin nan yadda muke zana shi John Nelson Darby ne ya shimfiɗa shi a shekarun 1830, Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909 ya yaɗa shi. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa wanda ya rasu a 430, ya fahimci shekara dubun Wahayi 20 a matsayin zamanin ikilisiya, kuma Katolika da Lutheran da yawancin Riform a kan haka suke. Duk mun yarda Yesu zai dawo, matattu za su tashi, za a yi shari'a. Na taɓa ganin matasa biyu sun daina gaisawa a kan ko fyaucewa kafin tsanani ne ko bayansa, alhali dukansu biyu ba wanda ya taɓa karanta Zakariya ko Ezekiyel har ƙarshe, inda rabin hotunan Wahayi suka fito.

Ƙa'idata a aji ita ce ba wanda zai koyar da aya ɗaya daga Wahayi sai ya karanta mini littafin duka da murya, sura 22, a zama ɗaya, ba alƙalami ba waya. Ai 1:3 mai karantawa da masu saurare ta sa wa albarka, a kunne aka fara karɓarsa. Yakan ɗauki kamar awa ɗaya da rabi. Takardar saurayin nan tana cikin baƙin littafina yanzu, na rubuta shekararsa a shafi na 41. Na ce ya zo Asabar da la'asar, ya taho da ruwan sha, don wajen sura ta 12 murya takan dishe.