Yadda masu ɗauke da cutar ƙanjamau za su yi zanen bango a unguwa ba tare da asirin kowa ya tonu ba

Kafin ku sayi ko gwangwanin fenti ɗaya, ku zauna a ƙungiyarku ku tambayi juna: wa ya yarda a gan shi a gindin bango? A Jos an san juna, maganar da aka yi a Gangare kafin la'asar ta isa Unguwar Rogo. Dokar Najeriya ta 2014 ta haramta tsangwamar masu wannan cuta, amma doka ba ta rufe bakin maƙwabci. Saboda haka ku gayyato samarin unguwa da ma'aikatan lafiya ku cakuɗa, yadda mai wucewa ba zai iya nuna kowa da yatsa ba. Wadda ba ta son fitowa ta zana nata a takarda, wani ya ɗora mata a bango. Hoto kuwa, sai da yardar mai fuska.

Sai neman bango. Ku karɓi izinin mai shi a rubuce, ku gaida mai unguwa, ku nuna wa liman da fasto zanen tun yana takarda.

Me za a zana? Don Allah ban da ƙoƙon kai da ramammen mutum. Irin waɗannan hotuna ne suka sa mutane gudun gwaji. Ku zana duwatsun Shere na kusa da Jos, tafukan hannu, bishiya mai inuwa, da jan ƙyallen nan, alamar yaƙi da ƙanjamau. Rubutu ya zama gajere: cin abinci tare ba ya yaɗa ta, kuma mai shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwaji ba ya sa wa abokin aurensa ta hanyar saduwa.

Ku jira damina ta ɗauke a Oktoba, don fenti ba ya kama jiƙaƙƙen bango. Aikin Nuwamba zai riski 1 ga Disamba, ranar ƙanjamau ta duniya. A kankare bangon, a cike tsaga da siminti, in ya bushe a shafa farin fenti sau biyu. A ja layuka gida-gida da alli, a kwafi zanen gida bayan gida, launuka masu haske da farko, baƙin layi daga ƙarshe. Ku zaɓi fenti mai ruwa na waje, domin warin fenti mai mai yana takura wa wanda ya taɓa fama da tarin fuka. Ragowar fentin a rufe shi da kyau a ajiye, bayan damina mai zuwa za a buƙaci gyara.