Kurakuran da masu zuwa hutu Seoul suka fi yi, da yadda za a gyara

Babban kuskuren da baƙo Musulmi ke yi a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, shi ne yanke wa abinci hukunci da ido. Za ka shiga kasuwar Gwangjang ka ga kimbap, shinkafa da aka naɗe da ganyen teku, ka ce ai wannan kayan lambu ne kawai. Alhali yawancinsa akwai siririn yankan naman alade a tsakiya. Mandu, ƙullin fulawar nan da ake turarawa, cikinsa alade ne sai dai in an tabbatar maka ba haka ba. Wainar wake da ƙamshinta ke cika kasuwar, bindaetteok, sau da yawa ana saka mata niƙaƙƙen alade, wasu ma da kitsensa suke suya. Sundae kuwa hanjin alade ne da aka ɗura wa jini da taliya. Ko miyar kimchi galibi da alade ake dafa ta, duk da cewa shi kansa kimchi kabeji ne da barkono da tafarnuwa da ruwan kifi.

Tambayar "akwai nama a ciki?" ba ta wadatarwa, domin masu sayarwa da yawa ba sa lissafa romo ko naman gwangwani cikin nama. Ka sa a rubuta maka da harafin Koriya a wayarka cewa ba ka cin alade, ko romonsa, ko kitsensa, ko abin da aka zuba wa giya, ka riƙa nunawa. Kayan kanti sun fi sauƙi, tunda ana rubuta alade a jikin leda in yana ciki. Ka haska rubutun da manhajar fassara ta Papago kafin ka sayi taliyar leda ko alawa. A kula da makgeolli kuma: fari ne tas kamar nono, a kwano ake shan sa, amma giyar shinkafa ce.

Wasu kuma tsoro ke kai su ɗaya ɓangaren. Su tare a unguwar Itaewon, kusa da Babban Masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, su ƙare hutu suna cin biryani da kebab. Wannan asara ce, ni a ganina. A kan hanyar masallacin akwai gidajen da ke dafa bulgogi, wato gasasshen naman sa, da samgyetang, wato farfesun kaza da saiwar ginseng, da naman halal, wasu da shaidar Tarayyar Musulmin Koriya. Akwai abincin gidajen ibadar mabiya Buddha a wajen Insadong, wanda babu nama babu kifi a cikinsa. Sannan ga kasuwar kifi ta Noryangjin, inda za ka zaɓi kifi ko ƙaguwa a ƙasa, a kai maka gidan abinci a sama a dafa. Kuskuren nan shi ne zaton kuɗin kifi ya haɗa komai. Kuɗin zama daban, na dahuwa daban, don haka ka tambaya tun kafin ka zauna.

A teburi, ƙananan kwanonin da ake jerawa kyauta ne, in sun ƙare a ƙaro. Cokali na cikin aljihun teburi, akwai maɓallin kiran ma'aikaci, a bakin ƙofa ake biya, ba a bayar da tukwici. Gidajen gashi da yawa ba sa karɓar odar ƙasa da rabon mutum biyu.

Wajen yawo, rashin duba ranar rufewa ya fi ɓata wa mutane rai. Fadar Gyeongbokgung, da aka gina a 1395, rufe take ranar Talata. Fadar Changdeokgung kuwa ranar Litinin, kuma lambunta na baya sai da tikiti daban da ɗan rakiya. Wanda ya sa hanbok, tufafin gargajiyar Koriya da ake bayarwa haya a kewayen, kyauta yake shiga. Kada a cusa fada uku a yini ɗaya. Ƙafa za ta gaji, ido ma ya daina gani.

Bukchon, mai tsofaffin gidajen gargajiya, ba gidan tarihi ba ne, unguwa ce da mutane ke kwana su tashi a cikinta. Hayaniyar baƙi da leƙen gidaje suka sa hukuma ta taƙaita shiga wani sashe zuwa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 5 na yamma. Mu da muka san darajar zaure da sallama bai kamata a gan mu muna ɗaukar hoto a ƙofar mutum ba tare da izini ba.

Kada ka dogara da Google Maps kaɗai. Naver Map ko KakaoMap mutanen gari ke bi. Sayi katin T-money, na biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa, a kantunan CU ko GS25, ka riƙe takardun won, kuɗin Koriya, don zuba masa kuɗi, kuma ka taɓa shi a na'ura lokacin sauka daga bas, in ba haka ba rangwamen canjin mota ya wuce ka.

Wanda ke son leƙa yankin tsagaita wuta da ke iyaka da Koriya ta Arewa ya yi rajista da masu shirya ziyara tun da wuri, ya tafi da fasfonsa. In hakan bai samu ba, ganuwar Hwaseong da ke Suwon, wadda aka kammala a 1796, tafiyar kusan awa ɗaya ce a jirgin ƙasa na layi na 1. Ranar Juma'a kuwa a bar wa Itaewon: a yi salla, a ci abincin rana a nan, da yamma a hau dutsen Namsan da ke kusa.