Yadda marubutan jagorar aiki za su tsare aikinsu daga gardamar siyasa

Duk mai rubuta wa manomin Kebbi takardar koyar da noman shinkafa, ko littafin kula da injin ban-ruwa, ba zai cika shafi biyu ba sai ya ci karo da abin da hannun gwamnati ya taɓa: kuɗin taki, kuɗin fetur, rancen banki, rufe iyaka. Shi ya sa dokar "ban da siyasa" ita kaɗai ba ta riƙe marubuta. Wani zai ce farashin fetur siyasa ne, wani ya ce lissafi ne, daga nan sai a bar daftari a koma kan wanda ya fi wani kishin talaka. Ayarin marubuta, ko a ofis ɗaya suke a Birnin Kebbi ko suna aika wa juna aiki ta intanet daga Argungu da Yawuri da Zuru, suna bukatar ma'auni guda da kowa ya sani tun kafin a fara.

Ma'aunin tambaya ce: wannan magana za ta canza wani mataki, ko adadi, ko gargaɗi a cikin rubutun? In za ta canza, ta aiki ce, a tattauna ta har a ƙare. In ba za ta canza ba, a bar ta a majalisar mai shayi.

A ɗauki cire tallafin mai na 29 ga Mayu, 2023. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a yawancin Arewa, kuma manomin rani a fadamar Argungu da fetur yake jawo ruwa. Wannan ya shafi jagora kai tsaye, domin duk teburin kashe kuɗi da aka rubuta kafin ranar ya tashi daga aiki. Aikin marubuta shi ne su sake lissafi: lita nawa injin ke sha a awa, awa nawa ake ba hekta ruwa, sau nawa daga dashe zuwa girbi. A auna waɗannan a gona tare da malamin gona, kada a kwafo daga kwalin inji. Gurbin farashi kuwa a bar shi fili manomi ya cike da na kasuwarsa, ko a sa adadi a rubuta wata da shekara a gefensa. Ko cire tallafin daidai ne ko kuskure, amsar ba ta ƙara lita ɗaya ba ta rage, saboda haka ba ta da gurbi a zaman.

Siyasa ta fi shiga rubutu ta kalmomin da marubuci bai ma lura da su ba. "Gwamna ya gwangwaje manoma da taki" yabo ne. "Sai yanzu aka tuna da manoma" zargi ne. Abin da jagora ke bukata shi ne: wace hukuma ta raba, wane irin taki, buhu nawa, a wace shekara, da wane sharaɗi. Haka shirin rancen Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, wanda aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba, 2015. A bakin mutane ana jingina shi da sunan shugaban ƙasar lokacin, wasu don yabo, wasu don habaici kan bashin da ba a biya ba. A rubutu a kira shi da sunansa na hukuma, a faɗi bankin da shekarar, a wuce. Mai duba daftari ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi irin su "romon dimokuraɗiyya", "sakaci", "gwamnatin adalci", "gwamnatin da ta yi watsi", ya mayar wa marubucin ba tare da dogon bayani ba.

Wurin da ya fi haɗari shi ne batun tsaro da rikicin gona. Jagorar da ke magana kan shinge, burtali, ko lokacin sakin dabbobi bayan girbi ta ce "manoma" da "makiyaya", wato ta kira mutum da sana'arsa. In ana gargaɗin ma'aikata kan hanyar da ba ta da lafiya, a ce "'yan bindiga". Sunan ƙabila kada ya maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Takarda tana yawo, za ta shiga ruga kamar yadda za ta shiga gari, kuma jimla ɗaya ta isa ta sa rabin waɗanda aka rubuta dominsu su yar da ita. A cikin ayarin ma akwai wanda aka kashe wa ɗan'uwa, akwai wanda aka kore wa shanu. Kalma mai tsabta tana kare zumuncinsu.

Hotuna ma a duba su da idon ɗan siyasa. Tsintsiya alamar APC ce, lema ta PDP. Tsintsiya a hannun mai shara cikin takardar tsaftar muhalli ba laifi, amma ɗaga ta sama a bangon littafi wani zance ne. A lura da fosta a jikin katanga a bayan wanda aka ɗauka, da buhun taki mai hoton ɗan takara, da hula ko riga mai tambari. A yanke hoton ko a sake ɗauka.

Sau da yawa mai ɗaukar nauyin bugu yakan nemi a sa hoton mai mulki. Hujjar ƙin hakan da ta fi shiga kunnensa ita ce ta tsawon ran littafin. Mulkin Kebbi ya tashi daga PDP zuwa APC a 2015, Zamfara kuwa kujerar ta sauya hannu a 2019, ta sake sauyawa a 2023. Amma shawarar a dasa irin shinkafa na FARO 44 yana da kimanin kwana 21, a bar tazarar santimita 20 tsakanin tushe da tushe, tana nan daram. Littafi mai hoton wanda ya sauka sito yake komawa, ko da abin da ke cikinsa bai tsufa ba. In babu makawa, a yi godiya a takarda guda da za a iya cirewa, tambarin hukuma ya wadatar a bango.

Sai kuma hirar marubutan kansu. A rubuta ƙa'ida gajeriya, layi uku sun isa, a karanta wa duk wanda ya shigo: ba tallan ɗan takara, ba turo bidiyo ko muryar da ba ta shafi daftari ba, duk adadi ya zo da hukumar da ta fitar da shi da kwanan wata. A naɗa mutum biyu masu tsawatarwa, kuma kada su kasance waɗanda kowa ya san jirgi ɗaya ya kwaso su a siyasa. Abin da ya fi rusa irin wannan ƙa'ida shi ne a tsawatar wa mai sukar gwamnati a kyale mai yabonta, ko akasin haka. Da zarar an yi hakan sau biyu, ƙa'idar ta zama makamin ɓangare ɗaya.

In magana ta kauce, kada a ce wa mutum ya yi siyasa, domin zai tsaya kare kansa. A jawo shi da tambayar aiki mai lamba: "Malam, Allah ya gafarta, a shafi na 7 buhun yuriya biyu za mu bari ko uku?" Yawanci wannan ta isa. In ya sake, a kira shi a waya a ranar, shi kaɗai. In ya yi na uku, a ɗauke shi daga zaman tattaunawa na mako biyu, amma a ci gaba da aika masa aikinsa, don ya gane halin ake gyarawa, ba korarsa ake yi ba. Idan mai kaucewar dattijo ne, yaro ba zai tare shi a gaban jama'a ba. A nemi sa'ansa ya same shi: "Alhaji, yaran nan kai suke kallo, in ka buɗe ƙofar nan ba mai iya rufe ta." Hajiya ma haka, a tura mata wadda take jin nauyinta.

Jaje da ta'aziyya ba a hana su. In an kai hari garin abokin aiki, a yi addu'a, a tambayi lafiyar iyali, a ɗauke masa aikin makon. Inda ake tsayawa shi ne "laifin wa". Wanda aka ba muƙami a taya shi murna da jimla ɗaya, sannan a cire shi daga duba duk babin da ya shafi ofishinsa. Barkwanci ma a sa masa ido, don habaicin jam'iyya yakan shigo da rigar wasa.

Lokacin zaɓe a ƙara ɗaure igiya. A zaɓen 2023 an buɗe yaƙin neman kujerar shugaban ƙasa ranar 28 ga Satumba, 2022, aka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairu, wato daidai watannin girbin damina da shirin noman rani, lokacin da aka fi bukatar takardun manoma. A irin wannan lokaci a taƙaita zama zuwa minti 45, a aika jerin shafukan da za a duba tun jajibiri, wanda ya shiga kwamitin kamfe kuma ya sanar, a ba shi babin da ba ya taɓa shirin gwamnati, kamar maganin ƙwari ko gyaran inji.

Kafin a kai wa maɗaba'a, a miƙa daftarin ga mutum biyu da ba su cikin ayarin, malamin gona ɗaya da manomi ɗaya mai karatun boko, ko a karanta masa. Bayan tambayar ko sun fahimci matakan, a ƙara da cewa su faɗi jam'iyyar da suke zaton marubucin yake yi. In sun ambaci wata, a nemi su nuna layin da ya sa suka ce haka, a gyara shi, a sake ba wasu biyun.