Kurakuran da aka fi yi wajen tsara lokaci, da yadda za a gyara su

Kuskuren da na fi gani a wurin masu son tsara ayyukansu shi ne su ɗauko tsarin da ya yi wa wani amfani su ɗora wa kansu, ba tare da sun fara duba yadda su kansu suke lissafin lokaci ba. Ɗalibi a Yelwa zai liƙa jadawali a bangon ɗakinsa, ya raba yini awa-awa tun daga ƙarfe 5 na asuba har ƙarfe 11 na dare, ya bi shi kwana uku, ran na huɗu ya watsar, sannan ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi malalaci ne. Sau da yawa ba lalaci ba ne, tsarin ne bai dace da shi ba. Masanin al'adu ɗan Amurka, Edward Hall, ya bambanta mutanen da ke yin abu ɗaya a lokaci ɗaya suna kallon agogo da waɗanda ke haɗa ayyuka da yawa suna bin abin da ya taso da mutanen da ke gabansu. Mu nan Bauchi, akasarinmu da sallah muke auna yini. Shi ya sa muke da hantsi da walaha da azahar da la'asar sakaliya, kuma shi ya sa alkawarinmu yakan kasance "bayan magariba" maimakon ƙarfe kaza da minti kaza.

Gyaran wannan bai da wuya. Wanda ransa ya fi sabawa da sallah ya rataya aikinsa a jikinta: daga asuba zuwa hantsi karatu mai nauyi, daga hantsi zuwa azahar fita da hulɗa da mutane, daga la'asar zuwa magariba ƙananan ayyuka. A kowane zango ya sa aiki ɗaya babba, kada ya wuce haka. Ladan ne zai riƙa yi masa ƙararrawa sau biyar a rana, kuma ba ya buƙatar caji. Shi kuwa ma'aikacin banki ko malamin asibiti wanda aikinsa da agogo yake tafiya, jadawalin awa-awa ne ya fi masa, kada ya bar shi don ya ji wani yana yabon wata hanya.

Akwai kuma masu ɗaukar tsarin Pomodoro kamar maganin kowace cuta. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi: aiki na minti 25, hutun minti 5, bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Yana taimakon wanda fara aiki ke yi masa nauyi, ko wanda lokaci ke sulale masa yana latsa waya bai sani ba. Amma mai rubutu ko mai zanen gini da sai ya yi rabin awa kafin hankalinsa ya tattaru, ƙararrawar cikar minti 25 ɗin nan katse shi take yi daidai lokacin da aikin ya fara tafiya. Irin wannan ya tsawaita zangonsa zuwa awa ɗaya ko fiye, ya tashi idan ya kai gaɓa.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne ƙiyasin tsawon aiki. A shekarar 1979 masana halayyar ɗan Adam, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka bayyana cewa ɗan Adam yana ƙiyasta wa aiki lokaci ƙasa da wanda zai ci, ko da ya sha yin irinsa a baya. Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ana saura mako biyu sallah ya san wannan. Na taɓa zama a shagon wani tela kusa da kasuwar Wunti, yadi jibge har saman benci, alli a bayan kunnensa, yana ce wa kowa "Alhaji, jibi in sha Allahu." Ban ɗauka ƙarya yake yi ba. Yana lissafa awannin da ƙafarsa ke kan keke ne kawai, ya manta da ɗauke wuta, da zuwa sayen zare, da yaron shago da bai zo ba, da mai zuwa gwaji ya ce a rage hannu. Abin da zai fisshe shi ɗan littafi ne: ya rubuta ranar da ya karɓi kaya da ranar da ya ba da su, na tsawon wata guda, sannan ya riƙa yin alkawari da abin da littafin ya nuna, ba da abin da yake fata ba. Ɗalibi mai rubuta kundi da 'yar kasuwa mai yin cincin na biki duk wannan littafin suke buƙata.

Wani kuskuren kuma shi ne cika jadawali maƙil, babu gurbin gaisuwa ko jana'iza ko baƙon da ya yi sallama. A garin da ba a tashi a bar maƙwabci a ƙofa, jadawalin da bai bar wa mutane wuri ba rushewa zai yi. A bar aƙalla zango ɗaya a yini babu komai a cikinsa, a kuma kai aiki mai nauyi lokacin da ba a cika ziyara ba, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafin rana ke kashe jiki tun kafin azahar. Wanda kuma kansa ya fi buɗewa da dare ya yi karatunsa bayan isha'i, muddin yana samun isasshen barci.

Sai dai kada "ni haka nake" ta zama hujjar ɓata wa wasu lokaci. Tsakanin la'asar da magariba akwai fiye da awa biyu, don haka idan mai bin agogo da mai bin sallah za su haɗu, su faɗi abu ɗaya da kowa zai gane: "da an sallame la'asar a masallacin unguwa", ko "ƙarfe 4 da rabi". Jarrabawa da ganin likita da jirgin sama kuwa da agogo suke aiki, saboda haka a irin waɗannan ranaku a saita ƙararrawar waya tun da dare, a kuma fita da wuri.