Yadda za ka fahimtar da yara su wane ne huskal

Malamai 'yan uwana masu koyar da tarihi, in za ku yi bayanin huskal don Allah kada ku fara da jera shekaru a allo, barci yaran za su yi. Ku tambaye su wa ya taɓa tsayawa Ƙofar Soro ranar hawan sallah ya ga dogarai sun kewaye mai martaba, kowa zai ɗaga hannu, to daga nan sai ka ce masu sarakunan Denmak da Nowe da Ingila ma a zamanin da suna da irin nasu, su ne huskal. Sunan ma a yaren mutanen arewacin Turai na da, ma'anarshi mutumin gida.

Amma fa kada ka bar su da tunanin duk ɗaya ne. Huskal 'ya'ya ne ba bayi ba, biyansu ake, yaƙi ne sana'arsu, kuma zamanin Sarki Kanut wanda ya hau mulkin Ingila a 1016 suka yi ƙarfi can. Har karɓar haraji ana tura su, a 1041 mutanen garin Wusta a Ingila suka kashe guda 2, Sarki Hartakanut ɗan Kanut ya sa aka ƙone garin.

Sai kayan yaƙi, nan ba ka da wahala tunda duk muna da sunayensu, sulke, kwalkwali, garkuwa, sai wani dogon gatari kamar barandami da sai da hannu biyu ake sara da shi. Abin da ke ba yara mamaki shi ne a kan doki suke zuwa amma sai su sauka su yi faɗan a ƙasa, ba kamar 'yan lifidinmu ba.

Wurin da na fi so kenan, fitar da yaran fili. Samo kwalaye a matsayin garkuwa, yara goma su jeru kafaɗa da kafaɗa kwali na haɗe da kwali kamar yadda huskal ke jeruwa da garkuwoyinsu a fagen yaƙi, wasu su zo su tura a hankali, sannan ka janye yaro ɗaya daga tsakiya su ga yadda layin ke watsewa nan take. Yanzu ne za ka ba su labarin 1066, yadda huskal ɗin Sarki Harold na Ingila suka ci sarkin Nowe a Gadar Istamfod ranar 25 ga Satumba, suka juyo kudu a gajiye, ranar 14 ga Oktoba suka tsaya kan tudu a Hestins kusan wuni guda gaban dawakin Wiliyam na Nomandi a arewacin Faransa wanda ya zo ƙwace mulkin Ingila, har aka kashe Harold.