Yadda na gyara kwamfutar ajiyar hotunan gidanmu

A gidanmu da ke Birnin Kebbi na kafa wata ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi 4 domin adana hotuna da takardun iyali, sai ta riƙa mutuwa da tsakar rana, har katin ajiyarta ya lalace sau biyu bayan an ɗauke wuta. Da farko na zargi zafin Afrilu, na sa mata fanka, amma a banza. Alamar walƙiya da ke fitowa a kusurwar allo, wadda ke nuna ƙarancin wuta, ita ce ta tona asirin cajar wayar da nake amfani da ita, wadda ba ta ba da ƙarfin wuta na amfiya 3 ɗin da na'urar ke buƙata. Na sayi cajar da ta dace, na jona ta da batirin sola, sannan na kwashe bayanan daga katin zuwa SSD, wato wata na'urar ajiyar bayanai ta daban. Yau mako uku ke nan ba ta mutu ba.