Yadda ake tuba da rama sallolin da aka bari da gangan

Mutumin da ya shafe watanni ko shekaru yana wasa da salla, sannan Allah Ya farkar da shi, abu biyu ne ke gabansa: tuba daga laifin, da sauke bashin da ya taru. Tubar ce ke zuwa da farko, kuma sharuɗɗanta sanannu ne: nadama a kan abin da ya wuce, da daina laifin nan take, da ƙudurta cewa ba za a koma ba. A Suratu Maryam, aya ta 59, Allah Ya yi gargaɗi ga waɗanda suka tozarta salla suka bi son zuciya, a aya ta 60 kuma Ya keɓe wanda ya tuba, ya yi imani, ya aikata aikin ƙwarai. Ma'anar daina laifi a nan ita ce sallar da lokacinta ke tafe kada ta kuɓuce, domin wanda ke ramuwar bara alhali Asubar yau tana wuce shi bai daina cin bashin ba.

Malamai sun yi saɓani kan ramuwar. Mazhabobi huɗu, Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, sun tafi a kan cewa wajibi ce. Sun kafa hujja da hadisin Anas a Bukhari da Muslim, cewa wanda ya manta salla ya yi ta idan ya tuna, suka ce idan an wajabta wa mai uzuri ramawa, marar uzuri ya fi cancanta. Ibnu Hazmi da Ibnu Taimiyya kuwa suna ganin wanda ya bari da gangan ramuwa ba ta inganta daga gare shi, saboda salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci, sai dai ya tuba ya yawaita nafila. A ganina bin mafi rinjayen malamai ya fi kwantar da hankali, kuma kada wani ya ɗauki ra'ayi na biyu a matsayin rangwame, domin masu shi cewa suke laifin ya fi ƙarfin a goge shi da ramuwa.

Sai lissafi. A fara ƙirgawa daga balaga, tun da kafin nan babu wajibci, mace kuma ta cire kwanakin haila da na biƙi. Wanda bai san adadin ba ya yi kirdado, ya ɗauki adadin da zai kawar masa da shakka, ya rubuta shi, ya daina sake lissafi kullum, domin nan ne waswasi ke samun ƙofa. Shekarar Musulunci tana da kimanin kwana 354, wato salla 1,770. Wanda ya haɗa ramuwa ɗaya da kowace farilla zai biya shekara ɗaya cikin shekara ɗaya. Littafin Ahalari na fiƙihun Malikiyya ya ce wanda yake rama sallolin kwana biyar a kowace rana ba mai sakaci ba ne, kuma da wannan ma'auni bashin shekara zai ƙare cikin kimanin kwana 71. Raka'a 85 ke nan a rana ban da farillan ranar, abin da ba kowane mai aiki ko mai raino zai iya ba. Saboda haka mutum ya tsayar da iyakar abin da zai iya dawwama a kai ba tare da ya tauye neman abincinsa da barcinsa na dole ba, ya ƙara a ranakun hutu.

A Malikiyya ana rama salla yadda ta kuɓuce: ta zaman gida a cika ta ko da ana cikin tafiya, ta tafiya a yi ta ƙasaru ko da an dawo gida, ta bayyane a bayyana karatunta, ta asirce a asirta. A yi iƙama ga kowacce, a kuma ayyana a zuci wace salla ce ake ramawa. Ramuwar farilla ta halatta a kowane lokaci, har bayan Asuba da bayan La'asar, lokutan da aka hana nafila. A bi jeri daga Asuba zuwa Isha'i, kwana bayan kwana. Idan sallolin kaɗan ne, huɗu ko ƙasa da haka, ana gabatar da su a kan sallar da ke cikin lokacinta, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi a yaƙin Handaƙ, inda ya sallaci La'asar bayan faɗuwar rana sannan ya yi Magariba. Idan suna da yawa, sallar lokaci ce gaba idan ana tsoron fitar lokacinta.

Mai bashin farilla ba ya shagala da nafilfili irin su walha da tarawihi, sai dai ya riƙe shafa'i da wutiri da raka'atal fajri da sallolin idi, ya mayar da sauran lokacin ga ramuwa. A kula kuma da saƙon da ke yawo a ƙarshen Ramadan, wai wasu raka'o'i a Juma'ar ƙarshe suna shafe sallolin da aka rasa tsawon rayuwa. Malaman hadisi sun bayyana cewa wannan ƙirƙirarre ne. Wanda rashin lafiya ta same shi kafin ya gama ya ci gaba da ramuwar a zaune ko a kwance gwargwadon ikonsa, domin ba a yi wa wani salla a madadinsa.